Ku Tambaya Mu Amsa: Daga Bakin Teku Zuwa Gulbin Rima, Ina Kifin Ya Tafi?

Wasiƙun da suka taru a wannan fitowa kusan duk a kan kifi suke: tsadarsa, ƙarancinsa, da maganar sauyin yanayi da ake ta ɗora wa laifi. Mun zaɓi shida, masana kimiyyar kifi da ke amsa tambayoyin wannan shafi suka duba su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kifin ƙanƙara, kwali-kwali nake sarowa. Kullum kuɗin taitus da shawa sai hawa yake, kuma kifin cikin kwalin bai kai girman na da ba. Dilan da nake saye a wurinsa ya ce wai sauyin yanayi ne ya kori kifi a teku. Mu da ke Sakkwato, ina mu ina teku? Gaskiya ya faɗa, ko dai hanyar ƙara kuɗi ce? (Mai sayar da kifi, Mabera)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dilanki bai yi ƙarya ba, sai dai ƙaramar gaskiyar ya ɗauko ya bar babbar. Hukumomi kan ce Nijeriya na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke kamawa da wanda muke kiwo kuwa bai fi tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Kifin da ke cikin kwalinki da dala aka sayo shi. Tun 2023 da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin shigo da shi ya ninka. Ki ƙara da motar sanyi da za ta ɗauko shi daga Legas ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu tana ƙona gas, ga ɗakin sanyin da ke kwana a kan janareto. Mafi yawan ƙarin da kike gani daga nan ya fito.

Amma akwai rabon yanayi. Taitus kifin ruwan sanyi ne, ana kama shi a arewa maso gabashin Tekun Atlantika, wajajen Norwe da Sukotlan da Ayalan. Daga wajen 2007, da ruwan can ya ƙara ɗumi, sai garken kifin ya riƙa bazuwa arewa har ruwan Aisland, inda a da ba a cika ganinsa ba. Aisland da tsibiran Faro suka ce tunda kifi ya shigo gidansu su ma suna da rabo. Ƙasashen suka kasa daidaitawa, kowa ya yanka wa kansa kaso, jimillar kamun ta yi shekaru tana wuce abin da masana suka ba da shawara. Yau kifin ya ragu, ana rage kason, farashi na hawa. Abin da ake kira shawa a kasuwa kuma ba iri ɗaya ba ne, akwai na Turai akwai na gaɓar Afirka ta Yamma. Na gaɓar Senegal yana ta matsawa arewa wajen Muritaniya da Maroko, kuma a can masana'antun da ke niƙa kifi su mai da shi garin abincin dabbobi suna haɗiye shi. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi ke ba da kilo ɗaya na garin.

Maganar ƙanƙanta kuwa, ki duba jikin kwalin. Yawanci akan rubuta ajin nauyin kifin, misali giram 300 zuwa 500. In kuɗi ya yi tsada, masu shigo da kaya kan koma ƙaramin aji, dila kuma ya sayar miki da kuɗin babba. Sannan ki lura da alamun kifin da ya narke aka sake daskarar da shi: kwali ya jiƙe ya bushe ya yi taswira, ƙanƙarar ciki ta yi ja-ja da jini, kifayen sun manne sun lanƙwashe, cikin wasu ya fashe. Irin wannan ba ya jure yini ɗaya a kan tebur a zafin Sakkwato. Ɗakin sanyi na ƙwarai digiri 18 ƙasa da sifili yake riƙewa, kina da ikon cewa a nuna miki ma'aunin kafin ki biya.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Muna jin ana cewa ɗumamar yanayi na cutar da masuntan bakin teku, amma ba a bayyana mana yadda abin ke faruwa. Teku da girmansa, me ƙarin digiri ɗaya zai yi masa? (Ɗaliba, Runjin Sambo)

Amsa: Malama, girman tekun shi ya sa abin ya zama babba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da duniya ke tarawa teku ke shanye shi, haka kuma yana shan wajen kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa.

Fara da jikin kifin. Kifi ba ya riƙe zafin jikinsa kamar ɗan Adam, zafin ruwa shi ne zafinsa. In ruwa ya ƙara ɗumi, jikinsa na ƙara saurin aiki, yana buƙatar ƙarin abinci da ƙarin oksijin. Ruwan ɗumi kuwa oksijin ɗinsa ya fi na sanyi ƙaranci. Buƙata ta hau, abin biya ya sauka. Kifin da ke iya tafiya sai ya yi ƙaura zuwa inda ya fi sanyi, ko dai ya nufi arewa da kudancin duniya, ko ya nutsa ƙasa. Ƙasar da ke can nesa da tsakiyar duniya, in nata kifin ya tafi, wani zai zo mata daga wuri mai zafi. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya babu wanda zai zo ya maye gurbi, don babu ruwan da ya fi namu zafi da kifi zai gudo daga cikinsa. Shi ya sa ake sa gaɓar Afirka ta Yamma cikin wuraren da za su fi asara.

Sai abinci. Takin teku a ƙasa yake kwance, cikin ruwan sanyi mai zurfi. A wasu gaɓoɓi iska da igiya kan ture ruwan da ke saman teku, na ƙasa ya taso da takinsa, ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi yabanya, ƙananan kifaye su samu kiwo. A gaɓar Gana da Kwaddibuwa babban lokacin wannan tasowa daga Yuli ne zuwa Satumba, kuma shi ne kakar masuntansu. To ruwan ɗumi ba shi da nauyi, yana zama a sama kamar manja a kan miya. In ya yi kauri sai ya danne na ƙasa, tasowar ta yi rauni ko ta zo a makare, kakar ta lalace. Kabon da teku ke sha kuma yana ƙara masa tsami. Ma'aunin tsamin ruwan saman teku, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1, abin da ke nufin ƙarin tsami na kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma halittu masu ɓawo irin su kawa da dodon koɗin teku su ke fara shan wahalar gina ɓawonsu.

Abin da mutanen gaɓa ke gani da idonsu kuwa shi ne hawan ruwa. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya hau da kusan santimita 20, kuma saurin hawan na ƙaruwa, a 'yan shekarun nan ya wuce milimita uku da rabi a shekara. Santimita 20 taƙi ɗaya ne, sai a raina shi. Amma gaɓar Nijeriya, mai tsawon kusan kilomita 850 daga Legas zuwa Kuros Riba, shimfiɗaɗɗiya ce, yawancinta laka da yashi. A irin wannan ƙasa taƙi ɗaya a tsaye yakan zama mitoci masu yawa a kwance, musamman ranar da hadari ya haɗu da cikar teku. Garin Ayetoro na Ilaje a jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947 ya kuma yi suna da kamun kifi, teku ya riga ya cinye babban ɓangarensa, gidaje da makarantu da wuraren gyaran kifi. Ruwan gishiri yana shiga rijiyoyi, yana kuma hawa cikin ƙoramu ya canza kurmin mangurob, wato itatuwan nan masu tsayawa da saiwoyi cikin laka, inda jatan lande da kifin bonga ke renon 'ya'yansu. Kirefish ɗin da ake zuba wa miya a Sakkwato daga irin waɗannan wurare yake zuwa.

Sai dai ki riƙe wannan, don a jarrabawa ma za ki buƙace shi: da wuya ki samu garin da yanayi kaɗai ya rusa. A San-Luwi ta Senegal, a 2003 hukuma ta yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita huɗu a tsirin yashin da ya raba kogi da teku don ambaliya ta samu mafita. Teku ya kama bakin ya yi ta ci har ya zama kilomitoci, ƙauyuka suka nutse, masunta da dama suka halaka wajen ƙetare shi. A Neja Dalta akwai malalar mai da saran mangurob don itace. A Legas akwai haƙar yashi. Madatsun ruwa irin su Kainji suna tare yashin da kogi zai kai gaɓa ya cike abin da teku ya kwashe. Ga manyan jiragen jan taru da ke kutsawa cikin mil biyar na teku da dokar Nijeriya ta keɓe wa masu ƙananan kwalekwale, su kwashe manya da ƙanana su kuma yage tarun talaka. Yanayi yakan tarar da gini ya riga ya tsage ne, sai ya ƙarasa shi.

A gidan masunci abin yakan fito da lissafi ne. Kifi ya yi nisa, tafiyar da ake yi a wuni ta koma ta kwana biyu, man injin ya ninka, sai an sayi ƙanƙara. Kwanakin da igiya ke hana fita sun ƙaru. Matar da ke banda, wadda sau da yawa ita ke ba mai kwalekwale bashin mai don ya sayar mata da kamunsa, in ya dawo wayam uwar kuɗinta ce ta nutse.

Tambaya: Ni masunci na, gado niy yi ga ubana. Ɗana ka rubuta min wagga takarda. Lokacin da munka tashi, in anka yi su ga tabkunan fadama, yauni da bargi da giwan ruwa ba su da wuya. Yanzu sai ƙananan gargaza da tarwaɗa. Shin abin da ka faruwa ga teku shi ka faruwa ga Rima? Mi za mu yi? (Dattijo masunci, Silame)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, amma hanyar da ya bi ta gulbi daban ce. Kifin teku zafi ke korar sa, na gulbi kuwa rayuwarsa a kan cikar ruwa take. Kun fi mu sanin cewa in sabon ruwa ya zo a Yuli da Agusta ya hau fadama, kifi na bin sa ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. 'Ya'yan suna kiwo a ruwa marar zurfi wata biyu zuwa uku, sannan su biyo ruwa su koma gulbi da tabkuna in ya fara janyewa. Kamun bana ɗan cikar bara ne da ta bariya. Abin da ke da muhimmanci shi ne faɗin wurin da ruwan ya rufe da kuma daɗewarsa a kai, ba ƙarfin zuwansa ba.

Nan ne yanayi ya shigo. Bayan farin 1973 da na 1984 damina ta ɗan farfaɗo, amma halinta ya canza: ruwa kan zubo da yawa a dare ɗaya, sai kuma a yi kwanaki ba ɗigo. Cikar da ta hau a kwana uku ta sauka a mako ɗaya ba ta renon kifi. Ƙwai na bushewa a kan ciyawa, 'ya'ya na maƙalewa a kududdufai tsuntsaye su tsince. Irin wannan ruwa kuma yana kwaso yashi daga gonakin tudu da aka sare itatuwansu ya cike gurabun da kifi ke fakewa da rani. Ga madatsu: Bakolori da aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, da Goronyo a 1984 a kan Rima. Sun ba da noman rani da ruwan sha, amma sun rage cikar da ke hawa fadama, kuma lokacin sakin ruwa ba don kifi ake tsara shi ba. Ku tuna 2010 da ruwa ya yi ɓarna har ya yanke hanyar jami'a, sannan a 2018 madatsar Goronyo, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942 a cike, ta sauka zuwa wajen kashi goma cikin ɗari. Tsakanin waɗannan biyu kifi ke neman yadda zai yi.

Kifayen da kuka lissafa ma sun ba da amsa da kansu. Yauni da bargi sheƙa suke yi a cikin ciyawa, suna buƙatar ruwa ya tsaya daram na makonni. Giwan ruwa na son zurfi da ruwa mai wadatar iska, kuma yana daɗewa kafin ya isa haihuwa. Gargaza kuwa tana haihuwa tun tana ƙarama, sau da yawa a shekara, tarwaɗa kuma tana shaƙar iskar sama in ruwa ya lalace. Masu jure wuya su suka rage. (Gaiwa ba a maganarta, ita da ke shiga laka ta yi barcinta har damina.)

Ruwan sama ba a hannunku yake ba, amma taru a hannunku yake, kuma a ganinmu ɓarnar taru a Rima ba ta gaza ta yanayi ba. Idon kalli kada ya gaza inci uku, wato santimita bakwai da rabi in an ja shi daga ƙulli zuwa ƙulli. Gidan sauro da ake ja a bakin ruwa a hana shi ɗungurungum, kwano ɗaya na 'ya'yan da yake kwasowa kwanduna ne na baɗi. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba a ɗaga wa ciyawar fadama ƙafa. In ruwa na janyewa, kada a datse bakin mashigi gaba ɗaya da gura da shinge, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku a buɗe. Kowane gari ya keɓe gurbi ɗaya ko biyu mafi zurfi da ba a taɓawa sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi: manyan kifayen da ake fitarwa a Matan Fada ranar bikin Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, hanin da ake yi wa wurin a sauran shekara ne ke girmar da su. Guba kuwa, ko ta kanti ko ta itace, wanda aka kama a kai shi gaban hakimi.

Abu biyu kuma sai an haɗa kai. Da rani a yi gayya a yashe bakin hanyoyin da ke kai ruwa tabkuna, ko zurfin gwiwa ne, don cikar da ba ta da ƙarfi ma ta samu shiga. Masu injin ban ruwa su ɗaura raga mai ƙananan ido a bakin tiyo. Sannan sarakunan ruwa na Wamakko da Silame da Argungu su je da murya ɗaya wurin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, su nemi a riƙa sanar da su ranakun sakin ruwa, kuma a riƙa sakinsa a hankali. Mutum ɗaya in ya bar ƙaramin kifi, na bayansa zai kama, shi ya sa dokar sai ta zama ta gari duka.

Tambaya: Da gaske ne sauyin yanayi ya ƙafar da Tafkin Chadi, shi ya sa bandar Baga ta yi wuya? (Mai karatu, Gidan Igwai)

Amsa: Tafkin ya ragu daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980, saboda fari. Amma bai ƙafe ba, kuma tun daga lokacin ruwansa ya ɗan dawo, yana hawa yana sauka. Abin da ya fi tsinke bandar Baga a shekarun nan rashin tsaro ne da rufe hanyoyi da aka yi ta yi.

Tambaya: Ina kiwon tarwaɗa a tankunan tamfol guda huɗu. Duk shekara in Afrilu ta kama sai su riƙa tsayawa a tsaye a saman ruwa, da asuba in tarar da matattu. Na ba su magani ba sauƙi. (Mai kiwon kifi, Kwalkwalawa)

Amsa: Malam, ajiye maganin tukuna, ruwanka ne ba shi da lafiya. Ka sayi ma'aunin zafi na ruwa, ba shi da tsada, ka auna da ƙarfe shida na safe da ƙarfe uku na rana. Tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 da 30. A Afrilu da Mayu, lokacin da iskar Sakkwato ke wuce digiri 40, tankin tamfol da ke cikin rana yakan kai 34 ko fiye. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana iya riƙe oksijin miligiram 9, a digiri 30 bai kai 8 ba, a 35 kuwa wajen 7, kuma wannan in ruwan tsabtatacce ne. Naka da ke cike da kashin kifi da ragowar abinci ƙwayoyin cuta sun riga sun shanye mafi yawansa. In ruwan ya yi kore, gansakukar da ke ba da oksijin da rana ita ke shan sa da dare, shi ya sa mutuwar ke zuwa da asuba. Zafi kuma yana ƙara dafin amoniya da ke fita daga kashin kifi, wadda ke ƙona musu matsatsin numfashi.

Fara da inuwa: rumfar zana ko ragar inuwa, a ɗaga ta kamar mita biyu sama da tanki don iska ta ratsa. Kwanon rufi da ke kusa da ruwa gasa shi yake yi. Jikin tamfol ɗin ma a kare shi da zana ta gefen yamma. Zurfin ruwa kada ya gaza mita ɗaya. Rage cunkoso: a watannin zafi kada nauyin kifi ya wuce kilo 40 zuwa 50 a kowace lita dubu, in ya wuce ka sayar da manyan. Kullum ka zubar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan ta ƙasa, inda dattin yake, da sassafe ko bayan magariba. Kada ka zuba ruwan baƙin tankin sama da ya wuni a rana, ka taɓa shi da hannu tukuna. Bambancin sabon ruwa da tsoho kada ya wuce digiri biyu zuwa uku. Ruwan burtsatse ba shi da iska sosai in ya fito, don haka ka sa ya faɗo daga sama ta bututu mai huji-huji ya fantsama.

Abinci shi ne inda aka fi kuskure. In ruwa ya wuce digiri 32, rage shi da kashi ɗaya cikin uku ko rabi, ka ba su da safe kafin rana ta yi zafi, sai kuma da dare. Abin da ba su cinye cikin minti 15 ba ka kwashe. Ranar da ka ga sun tsaya a tsaye, kada ka ba su komai, canja ruwa kawai, ka narka gishiri kilo ɗaya a kowace lita dubu. Mai tafkin ƙasa kuma ya sa ƙafewa a lissafi: a tsananin bazara ruwa kan sauka kusan santimita ɗaya a rana, wato lita dubu ke nan a tafki mai mita goma-goma, ban da wanda ƙasa ke sha.

Mafi sauƙi duka shi ne gyara kalanda. Tarwaɗa na kai girman kasuwa a wata huɗu zuwa shida. Ka zuba 'ya'ya a Yuni ka kwashe a Nuwamba, zubi na biyu kuma ka tabbata ka sayar kafin ƙarshen Maris, tankuna su huta ko su ɗauki kaɗan a Afrilu da Mayu. Da hunturu matsalar juyewa take, sanyin dare ke kashe ƙananan 'ya'ya, sai a rufe tankinsu da leda daga magariba zuwa hantsi. Tunda kuma kana kusa da gulbi, ka riƙa sauraron hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kafin damina, ka ɗora tankunanka aƙalla rabin mita sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Tambaya: Sana'ata banda. Itace ya yi tsada, kifi kuma kafin ya iso hannuna daga bakin ruwa ya fara laushi saboda zafi. Bayan na gama kuma ƙwari su cinye. Wata ta ce in riƙa fesa maganin ƙwari. (Mai banda, Wurno)

Amsa: Hajiya, kada ki fesa. Sniper da ota-fiya-fiya da danginsu guba ne, suna shiga naman kifin, wanki da dahuwa ba su da tabbacin fitar da su, kuma 'ya'yan mutane ne za su ci.

A zafin bazara kifin da ba a gyara ba yakan fara lalacewa cikin awa shida zuwa takwas, wanda ya kwana a kalli kuwa ya riga ya mutu tun cikin ruwa. Ki daidaita da masuncinki ya riƙa duba taru da wuri, ya fasa ciki ya cire hanji da matsatsi tun a bakin ruwa, ya rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa. In akwai ƙanƙara, kilo ɗaya ga kilo ɗaya na kifi, a farfasa ta a jera hawa-hawa. Da ya iso ki wanke, ki jiƙa a ruwan gishiri, kilo ɗaya a lita goma, minti 20 zuwa 30 gwargwadon girmansa. Ki tsane shi a kan raga har fatar ta daina ɗiga. Gishirin nan yana hana ƙuda yin ƙwai, yana kuma rage ƙwarin ajiya.

Don itace, matan gaɓar Gana sun daɗe da samun mafita, murhun Cokor, mai sunan unguwar masunta a Akara inda aka fara shi a 1969. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu, tsayinsa kamar santimita 60, gida biyu, kowanne wajen mita ɗaya tsawo da faɗi, da ƙaramar ƙofar wuta a gaba. A kai ake jera farantan katako masu gindin ragar waya, ɗaya bisa ɗaya, biyar zuwa goma, su zauna daidai ba tare da rata ba, a rufe na sama da falanki. Jerin farantan shi ke zama bututun hayaƙi, wutar da za ta gasa faranti ɗaya a gangar buɗe sai ta gasa farantai da yawa. Kowane magini da kafinta a Wurno za su iya yin sa. Inda ake kuskure: in saman ginin bai daidaita ba hayaƙi na zurarewa ta gefe, in kuma ramin wuta bai yi zurfi ba farantin ƙasa na ƙonewa.

Awa biyun farko wuta marar ƙarfi, don in kin fara da babbar wuta fatar za ta ƙame ta kulle ruwa a ciki, waje ya yi kyau ciki ya ruɓe bayan kwana uku. Sannan ki ƙara wuta awa biyu zuwa huɗu ya dahu, kina sauya farantan, na ƙasa ya koma sama. Bandar da za ta yi watanni sai an ci gaba da ƙaramar wuta yini ɗaya ko biyu, har kifin ya yi sauƙi a hannu, in kin ƙwanƙwasa biyu su yi ƙara kamar busasshen itace. Kada ki sa roba ko leda ko katako mai fenti a wutar. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki zuba a kwali ko kwando, ki ɗora a kan benci nesa da bango, ban da buhun leda, don gumi yake sa shi ya yi fumfuna. Duk mako biyu zuwa uku, musamman da damina, ki zazzage ki duba. In kin ga gari-gari a gindin kwalin, ƙwari sun shiga: ki mayar da shi kan murhu awa ɗaya zuwa biyu da zafin da hannu ba zai jure ba, ki ƙone tsohon kwalin ki sa a sabo.